Na Je Ɗauko Nura

Laraba: Gumel zuwa Gagarawa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na idar da salla, na leƙa ɗakin Inna. Idonta biyu. Wata uku ke nan tana kwance, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce. Na ce mata zan je saro kaya, sai jibi ko gata.

Ta dube ni ta ce, "Hajara, in kin gan shi, ki ce ya zo ko da wace irin riga ce."

Ashe ta sani.

Nura ƙanena ne, shi ne autanmu, shekarunsa ashirin da uku. Ya yi shekara huɗu a Kano yana koyon ɗinki, ya dawo mana da baƙaƙen kaya tun daga wuya har ƙafa. Doguwar riga ce yake ɗinka wa kansa, mai faɗin hannu, da ƙananan sarƙoƙi a ƙirji. Ya tara gashi, ya cika yatsu da zobban azurfa, yana rambaɗa kwalli har ya zarce gefen ido, farcensa baƙi ƙirin. Ya taɓa nuna min hotunan masu irin shigar a waya, ya ce got ake ce musu, maza da mata duk haka suke yi, kuma su a wurinsu baƙi shi ne kyau. Bai bar salla ba, ba ya shan komai, ba ya faɗa da kowa. Amma wani ya ɗauke shi bidiyo a wurin ɗaurin aure, aka yaɗa. Wasu suka rubuta ɗan daudu, wasu suka rubuta ɗan shan jini.

Ni shagon kayan kwalliya ne da ni a kasuwar Gumel. Mata suka riƙa shigowa ba don saye ba, don su nuna min ƙanena a wayoyinsu. Ranar da na gaji, na kwashe kayansa kaf na cinna musu wuta a tsakar gida. Yana tsaye yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, ke kina sayar wa mata man da ke saɓule musu fata don su yi fari. Ni kwalli na sa." Na mare shi. Washegari ya bar gida, yau wata bakwai.

Shida da kwata na isa tasha. Ƙaramar mota ce, mu shida a ciki ban da direba, an cika bayanta da buhunan taki. Naira dubu na biya. Ba mu tashi ba sai bakwai saura, don direban ya tsaya shan shayi. Damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsayi hagu da dama. A shinge ɗaya aka tsayar da mu, jami'in ya leƙo ya ƙirga kawuna, ya ɗaga mana hannu. Tafiyar kamar kilomita talatin ce, bakwai da rabi ta ɗan gota muka sauka.

Gagarawa

Wani tela nake nema, Malam Sale, don an ce min a shagonsa aka fara ganin Nura. Na same shi yana share gaban shago, dattijo mai furfura da tabarau a karan hanci. Da na ce ni yayar Nura ce, sai ya jingine tsintsiya ya miƙo min benci.

"Hajiya, shekara talatin ina ɗinki, ban ga hannu irin na yaron nan ba. Yana duban mace sau ɗaya ya yanka mata riga ba gwaji."

"To me ya raba ku, Malam?"

"Bidiyon nan ne ya biyo shi. Da fari mata har daga Gagarawa Tasha suke aiko da atamfa, su ce mai kwallin nan za a ba. Sai mazajensu suka gani. Mutum uku suka same ni bayan sallar Juma'a, suka ce namijin da ke baƙanta farce ba zai taɓa tufafin iyalinsu ba. Na roƙe shi ya wanke ido ya sa farar riga ko na wata guda ne, ƙura ta lafa. Ya ce, Baba, kwalli ai sunna ne. Na ce sunna ne, amma ba mai yawan naka ba. Muka yi dariya. Da safe na tarar ya ninke ɗinkin mutane ya ajiye, ya tafi."

Ya ɗauko min wata riga daga ƙasan tebur, baƙar shadda da aikin zare baƙi a wuya, aikin ba ya fitowa sai an karkata ta wajen haske. Ya ce Nura ne ya fara ta bai gama ba, shi kuma ya kasa ƙarasawa. Na shafa na mayar masa. Ya ce ya ji yaron yana zancen wata kakarsa a Sule Tankarkar.

Na sayi ƙosai na ɗari biyu, na kasa cin fiye da guda biyu.

Gagarawa zuwa Sule Tankarkar

Babu motar da ke zuwa kai tsaye, dole sai an koma ta Gumel. Sha ɗaya da rabi na sake sauka a tasharmu. Daga inda nake tsaye ina hango kan layinmu. Na ja mayafi na rufe fuska kada wani ya gane ni ya kai wa Inna labari. Awa ɗaya da rabi muna jiran mota ta cika. Ƙarfe ɗaya muka tashi, biyu saura muka isa, na hau mashin zuwa rugar Gwaggo Dije, tafiyar minti ashirin cikin yashi da kududdufai.

Gwaggo Dije ƙanwar kakarmu ce ta wajen uwa, Bafulatana, ta haura tamanin. Rabona da ita tun sunan ɗana na fari. Ta dama min fura da nono, ta zauna tana kallona har na sha rabi.

"Ke ce mai wuta," in ji ta.

Na sunkuyar da kai.

Ta kama leɓenta na ƙasa ta jawo shi. Baƙi ne sitik har haɓa, ko da tsufa ya sa ya koɗe. "Kin ga wannan? Da ƙaya aka yi min, aka cusa baƙin tukunya. Kwana bakwai ban ci tuwo ba. A lokacinmu yarinyar da bakinta ke ja, ba mai kallonta a dandali. Samarinmu kuwa, kwallin da suke sha ranar kasuwa ya fi na Nura, har da madubi a rataye a wuya. Yanzu jikokina sun shafa mai sun koma kalar ƙwai, su ne masu kyau, shi ne mahaukaci."

Wata biyu ya yi a wurinta. Ya ɗinke mata tsofaffin zannuwa da allurar hannu, ita kuma tana niƙa masa kwalli. Sai ɗanta, Kawu Buba, ya dawo daga kiwo ya ji abin da ake faɗa a gari. Ya samu mutum huɗu suka danne Nura a gindin aduwa, suka aske shi ƙwal da reza, suka kankare farcensa da wuƙa, suka zare zobban. Bayan haka aka kawo mai ruƙiyya, kwana uku ana yi masa hayaƙi.

Gwaggo ta ce, "Ina ihu ina jifan su da ƙwarya, wa zai saurari tsohuwa? Da suka sake shi ya zo ya durƙusa ya ce, Gwaggo, na gode da abinci. Ya bi motar Maigatari."

Kawu Buba ya shigo da magariba, ya gaishe ni da fara'a, ya ce, "Ai mun gyara muku shi." Na so in zage shi. Na tuna ni na fara, na ce, "Sannu da ƙoƙari, Kawu." A nan na kwana, ɗakin Gwaggo, kan gadon kara.

Alhamis: Maigatari

Shida da rabi wani maƙwabcinsu da zai kai akuya kasuwa ya ɗauke ni a mashin, ni a baya, akuya a tsakaninmu. Ta cikin ƙauyuka muka bi, sau biyu ina sauka don taɓo. Shinge biyu muka wuce, ba a tambaye mu komai ba sai kuɗin akuyar nawa. Tara saura kwata muka shiga Maigatari. Ranar kasuwa ce, shanu da raƙuma sun cika kara, manyan motocin da mutanen Nijar ke kira kamiyo sun yi layi.

Na fara da layin teloli, shago goma sha ɗaya, ina nuna hotonsa. Ba wanda ya san shi. Sai wata mai abinci ta karɓi wayar ta rufe gashin da babban yatsanta, ta ƙura ido. Ta ce, "Je ki wajen 'yan kanwa. Akwai wani mai shiru-shiru, shinkafa ba miya yake saye."

Sha biyu da rabi na gan shi. Na wuce shi sau ɗaya ban gane ba. Yana sauke buhunan kanwa daga mota, kansa a aske, garin kanwa ya rufe shi fari fat har gira. Wata yagaggiyar rigar ƙwallo ce a jikinsa. Ya rame, wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyi.

"Nura."

Ya ajiye buhu ya zo ya rusuna. "Yaya, ina wuni. Ya Inna?"

Muka zauna a inuwar motar. Na gaya masa komai, ƙafafun, likitan, da saƙon da ta ba ni. Na ce zan saya masa yadi baƙi ko nawa yake so, zan saya masa keke sabo, duk wanda ya yi magana ni zan tare. Ina faɗa ina kuka, mutane na kallo.

Ya miƙo min hannuwansa. Kanwa ta cinye fatar, yatsun sun tsattsage, biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. "Ko zare ba zan iya sa wa allura ba yanzu. Kuma ba na sha'awa, Yaya. Na gwada tunanin riga, ba abin da ke zuwa. A nan ba wanda ke kallona. Haka kuke so, ni ma na ga ya fi sauƙi."

"Ka zo ko na kwana ɗaya ne."

"Ta gan ni a haka? Ki bar ta da wancan Nuran da ta sani."

Na roƙe shi har la'asar. Na ce ya yafe min, ya ce ya yafe tuntuni, da murya irin ta mai ba da canji. A ƙarshe ya karɓi wayata ya koma bayan mota, ya naɗa wa Inna saƙon murya na minti ɗaya. Mai kaya ya ƙwala masa kira, ya miƙo min wayar ya koma kan buhunansa. Na tsaya ina jira ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Komawa gida

Shida saura na samu mota, an cusa mu da 'yan kasuwa da tumaki biyu a but. Rabin awa ce zuwa Gumel, ruwa ya tsuge mana a hanya. Ana kiran magariba na shiga gida.

Inna ta dubi bayana kafin ta dube ni. Na zauna bakin gado na kunna mata saƙon. Ya gaishe ta, ya ce yana nan lafiya, ya samu aiki mai kyau, zai zo in aiki ya yi sauƙi, ta sa masa albarka. Ta ce in sake kunnawa. Sau uku ta saurara, wayar manne da kunnenta.

Ina godiya ga Malam Sale da ya riƙe shi iya ƙarfinsa, da Gwaggo Dije da ta tsaya masa ita kaɗai, da mai abincin da ban tambayi sunanta ba. Allah ya saka musu, shi ya kai ni ya dawo da ni lafiya.

Da Inna ta miƙo min wayar ta ce, "Yana cin abinci kuwa?"

Na ce, "Yana ci, Inna. Har ya yi ƙiba."