Kwamfutar Hedimasta a Bayan Guri

Haɗeja, ƙarfe biyar da rabi

Ina idar da sallar asuba na rataya jakar kayan aiki na nufi tasha. Na bi ta shagona na ƙara duba kwaɗon. Sana'ata saye da gyaran tsofaffin kwamfutoci, irin masu ƙaton kai da aka daina yayi, kuma ni kaɗai ne: ni ne mai gyara, ni ne mai ciniki, ni ne mai amsa waya. Ranar da na yi tafiya, shago ma ya tafi.

Wanda zan je wa shi ne Malam Bukar, wani dattijo a wani ƙauye bayan Guri. Yayansa marigayi, tsohon hedimasta, ya yi shekaru yana bin tsofaffi yana rubuta tarihin zuri'arsu tun tasowarsu daga bakin Tafkin Chadi. Ya buga shi duka a kwamfuta, ya rasu bai fitar a takarda ba, tsofaffin da ya tambaya kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Sati uku ke nan da Malam Bukar ya kira ni, ina ta ce masa gobe, jibi.

Hanyar Guri

Motar ba ta cika ba sai bakwai saura kwata. Mu huɗu aka cusa a baya, wani da buhun taki a cinya. A shingen farko jami'in ya leƙa jakata, ya ga sukundirebobi da wayoyi.

"Malam, likitan me?"

"Na kwamfuta, ranka ya daɗe. Tsofaffi."

"To ai tsofaffi sai addu'a," in ji direba. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta dama da hagu, shinkafa ta fara kai. Sau biyu muka sauka muka tura. Tara da minti ashirin muka shiga Guri, na sha koko da ƙosai a tsaye.

Babur, sannan kwalekwale

Ɗan acaɓa ya kai ni bakin ruwa cikin minti talatin da biyar, ya ce iyakarsa ke nan. Mai fito ya sa ni tsakiyar kwalekwale, muka kutsa cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsawo. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Gidan Hedimasta? Ai jiya da la'asar mun ji injin ba da wuta yana kuka a can."

Kwamfutar da ta shekara ashirin a ƙasa mai danshi ba a jona ta da wuta sai an buɗe, an busar, an gwada akwatin wutarta shi kaɗai. Duk wanda ya kira ni, wannan nake fara gaya masa. Ranar da Malam Bukar ya kira, dalma na hannuna ina liƙa waya, wani mai saye yana tsaye a kaina, salula a maƙale a kafaɗa. Na ce masa ina nan zuwa, na kashe ban gaya masa ba.

Gidan Malam Bukar, sha ɗaya da kwata

An shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura. Bayan doguwar gaisuwa Malam Bukar ya shiga ciki ya fito da kwamfutar da kansa, a naɗe cikin zanen gado, an goge ta fes. Tun kafin ya ajiye na ji warin ƙonewa.

"Injiniya, ban so ka sha wannan hanya ka tarar da abin da ba ya aiki ba," ya ce. "Sai na aro inji a wurin mai cajin waya, na ce bari in tabbatar tana tashi, kada in ji kunyar baƙo. Ta ɗan yi haske, sai ta yi ƙara, hayaƙi ya fito."

Na kwance murfin. Akwatin wuta ya ƙone ƙurmus, wutar ta wuce har kan faifan ajiya, inda rubutun yake. Allon da ke bayansa ya yi baƙi. In ba an sami wani faifan irinsa sak an ciro allonsa ba, babu mai sake karanta shi, kuma shekara goma sha biyu ina wannan aiki ban taɓa cin karo da irinsa ba.

"Akwai dabara, ɗana?"

"Zan gwada, Baba."

Sai ya ce, "Yaya ya bar mini amana, na ƙona ta da hannuna. Kai ma na ɓata maka tafiya. Ka yafe ni."

Nan ne ya kamata in ce, Baba, laifina ne, kalma biyu ce ban faɗa maka ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haka Allah ya ƙaddara." Ya gyaɗa kai, ya sa aka ƙunsa mini bandar tarwaɗa, ya rako ni har bakin ruwa yana dogara sanda.

Komowa

Biyu da rabi na sami mota a Guri, biyar saura na sauka Haɗeja. Wani maƙwabcin shago ya ce mutum uku sun zo sun koma, ban ma tambayi su waye ba. Na jona faifan da na taho da shi a kan teburina, na kara kunne. Ko motsi.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa direba da mai fito, da Malam Bukar da ya karrama ni fiye da yadda na cancanta. Bayan magariba ya kira ya ji ko na sauka, ya sake ba ni haƙuri. Na ce masa ba komai.