Inna Larai Mai Irin Dankali

Tun ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Gagarawa na san Inna Larai ba ta alwala a tsakar gida. Da an kira salla sai ta ɗauki butarta ta zagaya bayan ɗaki, ta tsuguna a kan 'yan kunyoyinta na dankali. Ruwan da ya sauka daga hannunta da ƙafarta, shi ne abin shan ganyen nan duk tsawon rani. A garin da sai an sha wuya ake jawo guga, wa zai ba shuka ruwa da bazara? Ita dai dabarar da ta yi ke nan.

Wanda bai sani ba, mu nan ba ƙwaya muke shukawa ba, yaɗon dankali ake yanka a dasa. In yaɗon ya bushe da rani, iri ya tafi ke nan. Shi ya sa da ruwa ya zauna za ka ga mata da yara a ƙofarta, kowa na neman abin dasawa a bayan ɗakinsa.

Kuma fa ba ta bayarwa haka kawai, sai ta titsiye ka da tambaya. In ƙasar gidanka jigawa ce, jan dankali za ta yanka maka, don shi ke jure ƙishi. Farin mai zaƙi sai wanda ke da damshi kusa da randa. Mai cikin ƙwai kuwa, wato mai launin gwaiduwa, wanda ta samo a wajen wata 'yar Nijar a kasuwar Maigatari, na masu ƙananan yara ne. Rahamatu matar Baffa Ilu ta taɓa nacewa sai fari, ƙasarta kuwa rairayi zalla. Inna ta ba ta, ta kuma cusa mata ja a cikin ƙunshin ba ta sani ba. Rahamatu da bakinta take faɗa, shekarar nan da gero ya ƙi, jan ne ya riƙe 'ya'yanta har kaka ta wuce.

Ke ce, Inna, uwar iri, mai ciyar da wasu ba ki ɗanɗana ba. Kin sangarta mu har kowa ya daina ajiye nasa. In an yi zancen, sai a ce ai akwai a gidan Inna Larai, kamar ke ba za ki tsufa ba.

To, bara bayan kaka ɓarin jikinta ya shanye. Tana kwance, ba ta iya kaiwa ga buta, sai taimama take yi da wani dutse a gefen katifarta. Muna ta zuwa dubiya da kunu da fura, wallahi babu wanda ya leƙa bayan ɗaki. Sai da zafi ya tsananta 'yarta Hannatu ta zagaya shanya, ta tarar fari da mai cikin ƙwai sun zama karmami. Jan kaɗai ke da sauran kore, shi ma a kunya ɗaya.

Da na je gaishe ta, bakin ya karkace, da ƙyar ake gane maganarta. Ba ta yi zancen ciwo ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, bana me za ku dasa?"

Hawaye kawai nake yi. Raina ya ɓaci da mu duka.

Mun gode, Inna. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kowane ɗigon ruwan nan ya zame miki inuwa ranar gobe. Ku kuma mutanen garinmu, iri biyu sun riga sun tafi, kuka ba zai dawo da su ba. Hannatu ta ce duk mai so ya zo ya yanki reshe ɗaya na jan. Kowa yana da buta, kowa yana salla. A zagaya bayan ɗaki, tun Inna tana da ran da za a je a gaya mata ya kama.