Abin da Ke Cikin Tandu

A gidanmu na Maamobi babu fili sai lungun da ke tsakanin ɗakuna. Nan Kaka take ajiye kurfoti, murhunmu na gawayi, bayan an sauke tuwo, mu zagaye ta muna kallon gawayin yana mutuwa. Daga Dogondutsi ta zo Accra tun tana budurwa, rabi a mota rabi a ƙasa, kuma har ta rasu ba ta daina yi wa Hausarmu dariya ba. Ni takan kira ni Maigida.

"Maigida, matsa can. Ba ka kawo cefane ba, ka zo ka tare mini wuta."

Akwai tatsuniyar da ba ta cika yi ba, sai ran da ruwan sama ya hana maƙwabta fitowa. Wata mata ce ɗanta ya mutu a baƙon gari. Kafin a rufe shi ta tara muryarsa a tandu, ta toshe bakin da kaki, ta kama hanyar gida. Kowace ƙofar gari ta isa, sai mai gadi ya ce ta buɗe. Ta ce in ta buɗe a hanya iska za ta kwashe. Wani ya jinjina tandun a hannu ya miƙa mata, wani ya kara a kunne ya ce ta wuce. A ƙofa ta ƙarshe ta tarar da wani dogon mutum. Bai ce ta buɗe ba, bai ma taɓa ba. Kallo kawai ya yi wa tandun, ya daɗe yana kallo. Da ta isa gida ta fasa kakin, shiru.

"Kaka, ai bai buɗe ba!" in ji mu.

"Wani idon ba ya jiran a buɗe masa," in ji ta. "Ku tashi, ta ƙare, kan kusu ma yau babu."

Na girma na koyi ɗaukar hoto a wani shago a Nima. Kaka ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Ko a biki, da ta hango kyamara sai ta ja mayafi. Sai a ciwonta na ƙarshe, wata safiya tana shan rana a bakin ƙofa, ta ce, "Ɗauko abin naka. Amma kada ka nuna mini." Tsohuwar kyamarar mai shagonmu ce a hannuna, mai fim. Na ɗauka har fim ɗin ya ƙare. Ba ta kai damina ba.

A lokacin masu wankin fim da na sani duk sun rufe, kowa ya koma waya. Na ƙi ba wanda ban yarda da hannunsa ba. Da tafiya ta kama ni zuwa Hamburg wurin ɗan baffana Sani, ya ce akwai wani tsoho a unguwarsu da har yanzu sana'arsa ke nan.

Na san injin duba kaya yana iya ɓata fim, don haka na sa shi a leda na riƙe a hannu. A filin jirgin Accra na yi wa ma'aikacin bayani. Ya juya shi, ya goga masa wani ƙyalle, ya ce, "Tsohuwarka ce? Allah ya jiƙan ta. Wuce." A inda muka sauya jirgi kuwa layi ya yi tsawo. Matar da ke wurin ba ta yi mini tsawa ba. Na roƙe ta da ɗan Turancina, ta nuna tiren da ke shiga injin. Na sake roƙo, ta sake nunawa. Ana ta kiran jirginmu. Da hannuna na ajiye. Na tsaya ba takalmi, ina kallon ledar tana shiga bayan baƙin labulen nan, wani saurayi yana duban allo yana hamma. Ta fito ta ɗaya gefen kamar yadda ta shiga.

Tsohon na Hamburg ya faɗa mini gaskiya, Sani yana fassara. Ya ce wataƙila ba abin da ya same shi, wataƙila kuma hazo ya rufe komai, ba a sani sai an wanke. Ya miƙo hannu. Na kasa ba shi.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan mugun ido. Yanzu matar nake tunawa, tsakanin ƙofa ta ƙarshe da gidanta, tana tafe da tandu a ƙirji ba ta san ko da ɗanta take tafiya ko ita kaɗai ba. Kaka ba ta taɓa faɗa mana tsawon wannan hanyar ba.

Ban dawo da fim ɗin ba, don dawowa na nufin ya sake bi ta inji. Yana firjin Sani, a cikin ledarsa, bayan man shanu. Tsohon ya ce ajiya ma tana cin fim a hankali, sanyi jinkirtawa kawai yake yi. Duk Sallah Sani yakan kira, mu gaisa, ya tambayi yara, sannan ya kawo zancen tsohon.

"Yaya, in kai masa?"

"Bari tukuna," nake cewa.