Hajja Ni'mat, Wadda Ta Ƙi Ƙarasa wa Ustaz Labarinsa

Ƙarfe bakwai na safe Hajja Ni'mat take buɗe shagonta a Sawra, nan arewacin Omdurman. Shago ne da in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya tsaya a waje: teburi ɗaya, tsohuwar kwamfuta, da injin buga takardu da ba ya tashi sai an lallashe shi. Takan yayyafa ruwa a ƙofa, ta ɗaga wa mai shayi hannu, ta goge tabarau da bakin mayafinta, sannan ta zauna jiran masu takardar neman aiki da masu katin ɗaurin aure. Da wannan take ci. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, ido ya gaza. Za ta rufe shi kuma alhali rabin Hausawan garin nan ba sa amsa gaisuwarta, wai ta ci amanar mamaci. Abin nan ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mamacin shi ne Ustaz Zailani na unguwar Kalakla. Mu nan jikokin mahajjata ne. Kakanninmu sun taso daga Najeriya a ƙafa da niyyar Makka, hanya ta ajiye su a Sudan. Hausarmu a baki take, yaranmu ma ba sa kai rabin zance sai su zame cikin Larabci. Ustaz ne ya zauna ya rubuta mana labari da harshenmu, cikin ajami: labarin Nana Khadija, wadda ta bar Haɗeja da goyo a baya ta nufi gabas. Littafi biyar ya fitar. Ba kowa ke iya karantawa ba, don haka bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma, mutum ɗaya ya karanta, ashirin su kasa kunne. Tsofaffi suna share hawaye suna rantsuwa wannan kakarsu ce sak.

Shekara ashirin da shida Ni'mat ce ke buga masa, sunanta kuwa bai taɓa fitowa a bangon littafi ba. Ustaz yana rubutu irin na malaman da, falle-falle, babu ɗinki, babu lambar shafi. A ƙasan kowane falle, can kusurwa, yakan rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Da wannan kalma kaɗai ake gane wanne ke bin wanne. Ta sha yi masa ƙorafi: "Ustaz, don Allah ka riƙa sa lamba mana." Shi kuma ya ce, "Malamina bai sa ba, Ni'mat. Ke ce lambata."

Yana kan littafi na shida, na ƙarshe, yaƙi ya ɓarke cikin azumi. Ya kulle takardun a akwatin ƙarfe, ya bi 'yarsa Mayada zuwa garin Kosti, yana cewa mako biyu za su yi. Can ciwon sukari ya kwantar da shi, magani ya yanke, Allah Ya karɓi abinSa.

Sai bayan shekara biyu hanya ta buɗe. Ba wanda ya aiki Ni'mat, ita ta ɗauki ƙafa ta tsallaka kogi zuwa Kalakla. Ta tarar da gidan Ustaz ba ƙofa ba taga, an fasa akwatin, takardu sun watsu a tsakar gida. Wasu ruwan sama ya dake su, wasu an hura wuta da su. Maƙwabta sun gan ta kwana huɗu a durƙushe, mace mai shekara sittin da ɗoriya, tana tsinta har cikin magudanar ruwa. Falle ɗari uku da goma sha ɗaya ta samu. Wata biyar ta yi tana jera su a kan gadonta tana bin kalmomin kusurwa, a nan ne ma idon ya ƙarasa lalacewa.

Labarin ya haɗu, sai dai ya tsaya a bakin teku, a Sawakin. Nana Khadija ta tsufa, jirgin alhazai yana lodi, ɗanta ya riƙe mata hannu yana roƙon ta haƙura ta koma gona wurin jikoki. A kusurwar fallen ƙarshe kuma Ustaz ya rubuta: "Sai". Babu wani falle da ya rage.

Mai maɗaba'ar da ke fitar da littattafan Ustaz ya ce, "Hajja, wa ya kai ki sanin bakin Ustaz? Shafi biyu kawai, ki tsallakar da tsohuwar nan kowa ya huta." Mayada ma ta kira ta a waya tana kuka, tana haɗawa da Larabci: "Ya khalti, wallahi Baba ba zai yi fushi ba. Khalas, shi ke nan, ki rufe mana shi." Ni'mat ta ce, "'Yata, ban san ko ya rubuta wuta ta ci ba, ko bai kai ga rubutawa ba. Bai taɓa gaya mini ƙarshen ba. Me zan sa a bakinsa?" Haka ta buga littafin, da kalmar nan ita kaɗai a ƙasan shafi na ƙarshe.

Kai, ranar da littafin ya fito! Mutanen da suka rasa gidaje, suka binne 'yan'uwa a tsakar gida, suka yi layi suna saye kamar an dawo musu da Ustaz da rai. Aka shimfiɗa tabarmi, aka karanta, aka kai ƙarshe, mai karatu ya juya shafi ya ga fari. Wani tsoho ya daka tsawa, "Sai me?" Wasu suka ce da an bar shi a akwati ya fi, an tona wa mamaci aikin da bai gama ba. Wasu suka ce tunda ya rubuta kalmar kusurwa, to fallen yana nan, ita ta ɓoye ko ta yar. Wannan maganar ce ta kama gari. Ban ga laifinsu duka ba. Kowannensu yana da kakar da ko dai ta tsallaka ko ba ta tsallaka ba, kuma sun gaji da rashin da ba a yi masa sallama ba.

Ana cikin haka Muntari, mai gyaran raksha, babur mai ƙafa uku, a bakin kasuwa, ya shigo shagon da falle ɗaya a naɗe cikin leda. Ya ce a Kalakla wani ya tsince shi. Fallen ya fara da "Sai", Nana Khadija ta hau jirgi, ta ga Ka'aba, ta yi sujada. Mutane suka cika ƙofa. Ni'mat ta kai takardar dab da idonta. Ta san in ta ce e, yau sunanta ya wanku. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Muntari, wanda ya yi wannan ya iya. Amma hannun Ustaz na shekara ashirin baya ya kwaikwaya. Hannunsa na ƙarshe rawa yake yi, layinsa gangarawa yake. Wannan ba nasa ba ne."

Muntari ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce shi ne ya sa wani malami ya rubuta fallen. Mahaifiyarsa Safiyatu tana kwance, kullum tambayarta ɗaya, ko Nana Khadija ta isa. "Hajja, ki zo ki karanta mata da bakinki. Ke za ta yarda da ke."

Ta je. Ta zauna a bakin gadon, ta karanta fallen Ustaz na gaskiya, ta ce, "Yaya, nan ya tsaya." Tsohuwar ta dube ta ta ce, "Haba Ni'mat. Ko ƙarya ba za ki yi mini ba?" Ta juya fuskarta bango. Bayan kwana tara ta rasu. Ni'mat ta je gaisuwa, ba wadda ta matsa mata a tabarma, ta yi addu'arta a tsaye ta fito.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Kullum. Na hana ta abin da take so, ina sane. Amma ba nawa ba ne balle in bayar."

Hajja Ni'mat, ke ce kika durƙusa cikin toka kika tsinto mana muryar Ustaz, muka karɓa muka juya miki baya. Ke ce aka miƙo miki wankin suna a tafin hannu kika mayar. Mai riƙon amana, 'yar mahajjata, ba don ke ba da ko shafi ɗaya ba mu gani ba. Duk abin da muka karanta a littafin nan mun san nasa ne, har inda numfashinsa ya kai, saboda ba ki ƙara ko ɗigo ba. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba idonki sauƙi.

Ku kuma masu riƙe da kayan waɗanda suka tafi, gida ne ko takarda ko magana, ku dubi matar nan ku koya. Mu da muka ƙaurace mata kuwa, saura kwana goma sha ɗaya ta rufe. Ku je ku gaishe ta. Ku faɗi sunanku tun daga ƙofa, don yanzu ba ta gane fuska.