Hoton 'Yar Mai Fito

Ranar wata Juma'a bayan an cire gyaɗa, shekarar da na fara azumin rabin yini, mu biyar ne a tsakar gida: Baba, da Inna, da yayana Sani, da ni, da Malam Audu na makarantar elemantare, wanda aka kira ya karanta wasiƙar da aka aiko wa Baba daga ƙasar Turawa. Ina bakin turmi ina surfe. Malam Audu ya karanta da Turanci, sannan ya juya da Hausa, ya ce Mai Fito ya mutu, jirginsa ya faɗi a dajin wata ƙasa wai ita Malaya. Baba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Mutumin da bai zubar da hawaye ba ranar da aka binne ƙanwata Binta, shi ne kafaɗunsa suke rawa saboda Bature.

Lokacin yaƙin Turawa Baba kuku ne a filin jirgin Kano, shi yake dafa wa matuƙan jiragen yaƙi abinci. Mai Fito ɗaya ne daga cikinsu, saurayi dogo mai jan gashi, ba ya taka ƙasa sai da fito a bakinsa. A gidanmu wanda ya yi fito sai ya sha dundu, amma na wannan mutumin Baba da murmushi yake ba da labarinsa: yadda ya taɓa sauka da jirgi yana hayaƙi, ya fito ya nemi shayi, da yadda yake cin tuwo da hagu. Da aka tura shi gabas cikin gaggawa, ya manta hoton jaririyar 'yarsa a ɗaki. Baba ya adana a gwangwanin taba, wai amana ce.

Wannan yarinyar ita ta hana ni sakat. Duk Juma'a Baba zai fito da hoton ya goge da bakin rigarsa, ya ce, "Yanzu ta isa shiga makaranta." Bayan shekaru ya ce, "Yanzu ta iya rubuta wasiƙa." Ni kuwa ina gabansa, tulu a ka, kaushi a ƙafa, na kai awaki kiwo na dawo na share turke, ko 'yar gala-gala ba na samun yi sai da satar jiki, amma shekaruna ma sai ya tambayi Inna. Sani aka kai makaranta, ni aka bar ni da taɓarya.

Kwana biyu da zuwan wasiƙar na ji yana cewa, "Marainiya, wa zai riƙe ta?" Da ya tafi gona na buɗe gwangwanin, na tura hoton ƙarƙashin tukunyar tuwo, na ƙara kara. Ya nema har cikin rumbu. Bai tambayi kowa ba, ni ma ban faɗa ba, har ya koma ga Allah.

Yanzu ina Taman Melati, wata unguwa a babban birnin ƙasar Malayar nan, wajen 'yata da take karatu, ina riƙe mata yara masu amsa mini da "boleh", wato "to" a yaren ƙasar. Jikata Hafsa, wadda take rubuta wannan, ita ta ji labarin ta lalubo kabarin Mai Fito a wayarta, ashe a cikin garin nan yake. Muka je. Ciyawa a gyare kamar darduma, dutse fari, suna a rubuce, har da fure. Na tambayi shekarunsa, ta ce ko na uwarta bai kai ba. Na tsaya na duba da kyau. Kabarin Baba kuwa, yau ko Sani ba zai iya nuna shi ba.

Washegari bayan asuba na sa aka kira mini Sani a Kano. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Yaya, hoton nan ni na ƙona shi."

Ya yi dariya har da tari. "Ke Ladi, ai Baba ya sani tun a ranar. Ya ga guntunsa a toka. Ya ce mini kada wanda ya taɓa ki, wai shi ya jawo."

Na miƙa wa Hafsa wayarta, na tashi na ɗora ruwan shayi. Shekara saba'in ina jiran wannan maganar, ashe ita ma Sani Baba ya faɗa wa, ba ni ba.