Don Nolberto, Mai Buɗe Mana Hanya

Idan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a kwarinmu, da safe abu na farko da maƙwabcinmu Don Nolberto Curiqueo ke yi shi ne ya hau tudun da ke bayan garkensa ya duba hayaƙi. Ko ruwan mate, shayin ganyen da muke sha a nan, ba ya ɗorawa sai ya dawo. Daga kan tudun nan ana hango rufin gidajenmu duka, kowanne da bututun murhunsa. Gidan da ya ga hayaƙi na tashi, ya san mutanen ciki sun farka, suna da itace, za su iya jira. Gidan da bai gani ba, can zai fara. Ba ya duba wane ne ɗan'uwa, wane ne ya ba shi rago bara. Haka yake tun ina da baƙin gashi.

Daga nan sai ya ɗaura wa bijimansa karkiya, ya maƙala musu katakon nan nasa, gungume biyu da ya haɗa bakinsu wuri ɗaya kamar hancin kwalekwale. Shanu su ja, katako ya tsaga ƙanƙara ya watsa ta hagu da dama, shi kuma yana gaba da sandarsa mai tsini yana yi musu magana kamar 'ya'yan cikinsa. Motar gwamnati tana share babban titin garin Lonquimay, iyakarta ke nan, kuma ba laifinta ba ne. Daga bakin titi zuwa ƙofar ɗakin kowannenmu akwai tafiya mai nisa, ta cikin itatuwa da gangare, wadda babu taya da za ta shiga. Wannan tafiyar Nolberto ya ɗauka a wuyansa. Babu wanda ya naɗa shi.

Ku samari da kuke ganin aikin na lokacin sanyi ne kawai, ku buɗe kunne. Aikin yana farawa tun watan Afrilu, ganye na faɗuwa, don mu nan kudancin duniya a Yuli sanyinmu ke tsananta. Lokacin yake shiga daji ya saro gora dogaye, ya bi hanyar kowane gida yana kafa su a gefe da gefe, ya ɗaura wa kowace tsumma ja a kai. Idan ƙanƙara ta rufe duniya, shinge ya nutse, rafi ya ɓace, hanya da rami suka zama fari ɗaya, kan gorar nan kaɗai ke gaya wa mutum inda ƙasa take. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, amma na san wanda ya shirya wa Yuli tun Afrilu ya fi wanda ya zo da ƙarfi ranar da ta ɓaci.

Zan ba da labarin shekara guda, saboda ina wurin, ba ji na yi ba.

Gida na ƙarshe a saman kwarin na Don Belarmino Oyarzo ne da matarsa Doña Herminda. Su biyu ne rak, 'ya'ya duk sun tafi birni. Hanyar gidansu ita ce mafi tsawo, ita ce kuma mafi muni, don akwai inda take bin gaɓar kwazazzabo, dutse a dama, rami a hagu. A kakar shekarar Nolberto ya kafa gorarsa kamar kullum. Da mako ya zagayo sai ya tarar an tumɓuke su duka, an ɗaure, an jingine masa a ƙofar garke.

Kowa a nan ya san dalili. Mahaifin Belarmino ya taɓa kwana da gona ya tashi da rabinta, domin wani mai ƙarfi ya kafa turaku, daga baya turaku suka zama shinge, shinge ya zama iyaka. Tun daga nan ɗan gidan Oyarzo ba ya ganin itace a tsaye cikin ƙasarsa ya yi barci. A shekarar kuwa an yi ta raɗe-raɗin za a sake auna filaye, shi ya tayar masa da tsohon ciwo.

Na raka Nolberto muka je, muka sami Belarmino yana faskare.

“Maƙwabci,” in ji Nolberto, “gora ce fa, ba takardar fili ba.”

“Haka aka ce wa ubana.”

“To ni me zan yi da tudun duwatsunka? Ko akuya ta hau sai ta yi kuka.”

“Akuyarka ta yi kukanta a gida. Ni na san hanyata, ido rufe zan bi ta.”

“Kai ka sani. Shanuna fa?”

“Wa ya gayyace su?”

Doña Herminda ta leƙo ta taga ta ce, “Ku ƙyale shi, Don Nolberto. Wannan da jaki aka yi musayarsa ranar suna. Ku shigo ku sha mate.” Muka sha, muka tafi. Nolberto bai sake kafa ko ɗaya ba. Ya ce ƙasar mutum tasa ce.

A watan Yuli aka yi ƙanƙarar da har yau muke kwatance da ita. Ta yi ta zuba har muka daina sanin ranakun mako. Safiyar da gari ya washe, ina ƙoƙarin buɗe ƙofata da kafaɗa sai ga Nolberto da bijimansa, Lucero da Florido, suna huci. Bai gaishe ni ba.

“Don Eladio, ɗauko shebur. Babu hayaƙi a gidan Oyarzo.”

Na ce, “Babu gora kuma.”

Ya ce, “Na sani. Ɗauko shebur.”

Har bakin kwazazzabo ba mu sha wuya sosai ba. A nan ne muka tsaya. Iska ta tara ƙanƙara ta yi baranda a kan ramin, sumul, har ka rantse fili ne. Nolberto ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya ɗaura ɗaya bakin a karkiya, ya shiga gaba da doguwar sanda yana caka ƙasa. Inda sanda ta ji dutse, ya taka. Inda ta shige babu iyaka, ya ja baya. Ƙanƙara har ƙirjinsa. Ni ina baya ina faɗaɗa wa shanu wuri, ina karanto duk addu'ar da uwata ta koya mini.

Mun kusa fita ke nan gefen ya karye ƙarƙashin Florido. Ban ga faɗuwar ba, ƙarar na ji, kamar an karya busasshen reshe. Karkiya ta riƙe shi bai gangara ba, Lucero ya kafe ƙafafu yana rawar jiki, amma ƙafar gaba ta Florido ta shige tsakanin duwatsu ta karye, ƙashi a waje.

Wannan sa, Nolberto da hannunsa ya shayar da shi madara a kwalba tun da uwarsa ta mutu. Wanda bai taɓa riƙe shanun aiki ba ba zai gane ba. Ba dukiya kaɗai ba ce, rabin noman mutum ne da rabin hirarsa. Ya durƙusa ya rungume kan, ya faɗa masa abin da ban ji ba. Sannan ya zare wuƙa ya hutar da shi. Ya goge wuƙar a ƙanƙara, ya kwance Lucero daga karkiya, ya dube ni da jajayen idanu.

“Me kake kallo, tsoho? Hanya ba ta ƙare ba.”

Sauran da shebur muka yi, Lucero na bin mu a baya. Da muka isa, ƙanƙara ta rufe ƙofa har rabi. Muka haƙa, muka tura. Ɗakin girkin ya fi waje sanyi. Belarmino na kwance a ƙasa kan buzun tumaki, fuska ta yi toka. Ashe ya fita ɗebo itace ne ya zame ya karya ƙugu, Herminda, wadda ita ma ciwon ƙirji ya kwantar, ta jawo shi ciki a kan buzun. Rumbun itace ya toshe. Ta ƙona kujeru, ta ƙona teburi, ta ƙona katakon saƙarta. Muka same ta kwance a jikinsa, ta lulluɓe su da duk bargon da ke gidan, leɓɓanta sun yi shuɗi.

Belarmino ya buɗe ido ya ga wanda ke tsaye a kansa. Da ƙyar muryarsa ta fito.

“Wa ya ba ka izinin shiga ƙasata?”

“Na zo auna ta ne,” in ji Nolberto, yana fasa ƙyauren kabad yana cusawa a murhu. “Na ga ka kwanta, na ce bari in yi sauri.”

“Ɓarawo.”

“Rufe baki, ka ajiye numfashin, za ka buƙace shi a hanya.”

Herminda ta motsa ta ce, “Ban ji ƙarar katako ba. Ina shanun?”

“Suna nan, uwata,” in ji Nolberto. “Sha wannan.”

Muka cire ƙofar rumbu muka shimfiɗa su a kai, Lucero ya ja su shi kaɗai har bakin titi. Da muka zo wucewa ta wurin da jini ya ɓata ƙanƙara, Belarmino ya juya kai ya gani. Ya ja bargo ya rufe fuskarsa.

Naman Florido, Nolberto ya raba wa gidajen kwarin, don a lokacin kowa tukunyarsa ta yi sauƙi. Shi bai ci ba. Kuma daga ranar har yau, ni dai ban taɓa jin ya ambaci maganar gora a gaban kowa ba, ko a cikin maye, ko a cikin wasa. Wannan ya fi ba ni mamaki fiye da tsallake kwazazzabon. Jarumta ta yini ɗaya da yawa suna iyawa. Riƙe baki shekara da shekaru, a kan abin da kake da gaskiya, wannan sai namijin gaske.

Nolberto, kai ne wanda muke jin ƙarar katakonsa mu san ba a manta da mu ba. Kai ne ka fitar da masu naƙuda, ka shigo da mai allura, ka buɗe wa gawa hanya zuwa makabarta lokacin da 'ya'yan mamacin ke tsaye a bakin titi da takalman birni. Ba ka taɓa tsayawa a ƙofa kana jiran a yabe ka ba. Ka sha mate ɗaya a tsaye ka wuce gida na gaba.

Bana gwiwoyinsa sun ƙi. Ya faɗa mana a taron maƙwabta cewa ba zai iya shiga ƙanƙara ba kuma. Aka yi shiru, kowa na kallon hularsa. To ni ba zan yi shiru ba. Akwai ƙarti a kwarin nan masu shanu, masu ƙafa lafiya, waɗanda aka haifa saboda wannan mutum ya buɗe wa iyayensu mata hanya. Katakon yana nan, mai shi yana da rai, bakinsa bai gaji da koyarwa ba. Ku je ku tambaye shi tun yana iya hawa tudu ya nuna muku da hannu. Kada ku jira sai ran da murhun uwar ɗayanku ya mutu.

Da aka ji ina rubuta wannan, sai ga Belarmino a ƙofata, yana ɗingishi da sandarsa, Herminda na riƙe da hannunsa. Ya ƙi zama.

“Eladio, an ce kana rubutu kan wancan ɓarawon.”

Na ce haka ne, amma zan sakaya sunan mai gidan.

Ya buga sanda a ƙasa. “Kada ka sakaya. Ka sa Belarmino Oyarzo, cikakke. Ka ce ni na tumɓuke gorar nan, shi kuma ya biya da sansa. Na kasa faɗa masa a ido. A karanta masa.”

Na juya ga Herminda na ce ita fa, me zan rubuta?

Ta ce, “Ka rubuta cewa na rayu na ga auren jikata. Shi zai gane.”

Na rubuta, Nolberto. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa wa gwiwoyin nan. Zauna kusa da murhu ka miƙe ƙafa. Mun gode.