Kukan Traon a Gonar Uisdean

Littafin tsuntsayen tsibirinmu a shagona ake sayar da shi, yana kan kanta tsakanin kifin gwangwani da zaren saƙa. Baƙi ne masu saye. Mu 'yan gari, wa zai sayi littafi don a nuna masa abin da ke yi masa kashi a rufin ɗaki? Uisdean MacAskill kaɗai ke da nasa, shi ma saboda shafi ɗaya ne, shafin tsuntsun da muke kira traon.

Traon cikin ciyawa yake ɓuya, ba a cika ganinsa ba, sai dai a ji kukansa da bazara, kamar ana goga tsinke a haƙoran mataji. Muna yara har isarmu yake yi. Da injinan yankan ciyawa suka zo ya yi ta raguwa, har aka wayi gari babu mai jinsa sai Uisdean. Ita kuwa marubuciyar, Dakta Iona Galbraith, ƙa'idarta guda ce: muddin wani ɗan tsibiri ya ji tsuntsu, yana nan a littafi. Duk sa'ad da za a sake bugawa sai ta tsallako teku, ta sha shayi a gidan Uisdean, ya ce mata traon yana nan wajen katangar dutse. Ta kasa kunne ba ta ji ba, amma ta yarda, don ba a taɓa kama Uisdean da ƙarya ba.

Taurin kai kam Allah ya ba shi. Ba ya yanka ciyawarsa sai kowa ya gama, da lauje, daga tsakiyar gona zuwa gefe don 'yan tsakin su sami mafita. Ruwa ya sha lalata masa ita. Maƙwabta kan tambaye shi ko kukan tsuntsu shanunsa za su ci bana, shi kuma ya ce ai shanun sun fi su hankali.

Bayan rasuwar matarsa kunnensa ya yi nauyi. 'Yarsa Oighrig ta matsa masa har ya shiga jirgin ruwa zuwa Oban, aka sa masa na'urar ji. Ya dawo yana mita wai duniya ta cika surutu, muka yi ta dariya.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo shago da hantsi, bai sayi komai ba, ya tsaya yana juya hularsa.

"Seonag," ya ce da ni, "jiya da yamma na zauna a gona. Na ji teku, na ji tumakin maƙwabcina Lachlann can bayan tudu. Traon ne ban ji ba."

Na ce wataƙila bai iso ba tukuna.

"Da na cire abin nan sai ga shi. Na mayar, ya yi shiru. A cikin kunnena yake, 'yar nan. Ban san tun yaushe ba."

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, na hau gyara gwangwanayen da ba su karkace ba.

Da Dakta Iona ta zo, shi da kansa ya gaya mata. Ta ce a bar shafin bugu ɗaya, ko za a dace. Ya ƙi. Ya ce yara za su karanta su je su zauna a gona suna jiran abin da babu, shi kuwa ba zai ɗauki alhakinsu ba.

Sabon bugu ya iso da kaka. Uisdean ya zo ya buɗe a tsaye, ya duba inda shafin yake a da, ya ga wani tsuntsun teku ya maye wurin. Ya rufe, ya ce aikin ya yi kyau. Sannan ya zare na'urar daga kunnensa ya sa a aljihu, bai kuma sake sa ta ba.

Oighrig ta yi faɗa har ta gaji. Yanzu in za ka yi masa magana sai ka ɗaga murya, wani lokaci ma ya ɗaga maka hannu ka dakata, yana sauraro.